Daga Tono Zuwa Zurmi: Sharhi a Kan Littattafan Rayuwar Japanawa da Darasinsu ga Marubutanmu

A Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi da wuya a sami yaron da ya yi wayo bai san sunan Honda da Yamaha da Suzuki da Toyota ba. Iyayenmu kuwa sun daɗe suna juya rediyo su duba bayanta, in sun ga an rubuta Japan sai hankalinsu ya kwanta su biya kuɗi. To amma da za a tambayi mai babur ɗin yadda Japanawa ke renon 'ya'yansu, ko irin tatsuniyar da kaka ke yi wa jikokinta a can, ko yadda suke binne mamaci, da sai a ji shiru. Wato mun san ƙarfensu, amma ba mu san zamansu ba.

Mu ma irin wannan rabin sani ake yi mana. Mutumin Kano ko Kaduna ko Maraɗi da bai taɓa taka Zurmi ba, abin da ya fi ji game da ita a 'yan shekarun nan shi ne labarin 'yan bindiga. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu ɗauko wasu daga cikin littattafan da aka rubuta a kan rayuwa da al'adun Japanawa, musamman waɗanda yaro da babba duk ke karantawa, mu auna su, mu ga wanne ya yi nasarar nuna al'ummarsa, wanne ya gaza, kuma don me. Masu iya magana sun ce daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Za mu kasa littattafan gida uku: na kirari, da na jeri, da na rayuwa.

Littafin kirari

A shekarar 1900 wani malami mai suna Nitobe Inazo ya fitar da littafinsa Bushido a Amurka. Da Ingilishi ya rubuta shi, domin Turawa ya nufa da shi. Jigonsa shi ne cewa halin Bajapane ya samo asali ne daga tarbiyyar mayaƙan gargajiyarsu da ake kira samurai, wato jarunta da biyayya da ladabi da riƙon amana da gudun abin kunya. Bayan shekara 6, a 1906, Okakura Kakuzo ya fitar da nasa littafin a kan al'adar shan shayi, shi ma da Ingilishi, inda ya nuna cewa a cikin yadda ake dafa shayi a miƙa wa baƙo akwai falsafar zaman duniya. Littattafan nan biyu sun zaga duniya, kuma har yau ana sake buga su.

Ta fuskar salo babu abin kushewa a cikinsu. Sai dai mai nazari zai lura da cewa Bushido kirari ne, kirari kuwa ba a yi shi don faɗin aibu ba. Samurai ɗin da Nitobe ya ɗora dukan al'umma a kansu ko kashi 10 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba su kai ba, kuma an soke matsayinsu tun cikin shekarun 1870. Manomin shinkafa da masunci da matar da ke saƙa, waɗanda su ne mafi yawa, ba su sami wurin zama sosai a littafin ba. Masana tarihi a Japan ɗin kanta sun soke shi da cewa ya ƙawata abin fiye da yadda yake. Bugu da ƙari, a shekarun 1930 da 1940 sojojin da suka ja ƙasar zuwa yaƙi sun yi ta amfani da kalmar bushido wajen tura samari ga mutuwa. Ba Nitobe ya aike su ba, domin ya rasu tun 1933, amma hakan ya nuna yadda kirari ke da sauƙin ara.

Mu Hausawa mun fi kowa sanin daɗin kirari. Ƙasar Shinkafi ce ta haifi Ibrahim Narambaɗa na Tubali, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa waƙoƙin da har gobe manazarta ke ɗiba, ƙasar Zurmi kuma ta haifi Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta. A bakin irin waɗannan kirari fasaha ne, kuma mai sauraro ya san matsayinsa. Matsalar tana zuwa ne idan marubucin zube ya ɗauki alƙalami zai rubuta tarihin garinsu, sai ya ɓuge da jera sarakuna da hakimai da attajirai, kowa adali, kowa mai kyauta. Irin wannan littafi akan ƙaddamar da shi da gagarumin biki, a tara kuɗi, daga ranar kuma sai ya shige durowa, domin yaro ba ya ganin kansa a ciki, baƙo kuma ba ya gaskata shi.

Littafin jeri

Kashi na biyu shi ne littafin da ke jera al'adu babi-babi: aure, haihuwa, mutuwa, tufafi, abinci, bukukuwa. Ana rubuta wa yaran ƙasashen waje irinsu da yawa a kan Japan, masu hotunan kimono da furen bazara da Dutsen Fuji. Suna da amfani wajen amsa tambayar jarrabawa, amma mai karatu yakan rufe su ba tare da ya haɗu da mutum ko ɗaya ba. Ko fitaccen littafin nan da Ba'amurkiya Ruth Benedict ta fitar a 1946 a kan halayyar Japanawa, duk da zurfinsa, yana da wannan rauni na yi wa miliyoyin mutane kuɗin goro, ga shi kuma ta rubuta shi ne ba tare da ta taɓa zuwa ƙasar ba, saboda yaƙi.

A namu ɓangaren muna da Hausa Customs na Ibrahim Madauci da Yahaya Isa da Bello Daura, wanda ya fito a 1968, da kuma Zaman Hausawa na Habib Alhassan da abokan aikinsa, wanda ɗaliban sakandare da na kwalejojin horon malamai suka daɗe suna dogaro da shi. Waɗannan magabata sun yi aikin da ya cancanci godiya, don da ba su rubuta ba da abubuwa da dama sun salwanta. Amma tsarin jeri yana tilasta wa marubuci ya ce "Bahaushe yakan yi kaza", alhali bikin Bazamfare da na Bakano ba ɗaya ba ne ta kowace fuska, haka ma karin harshensu. Da zarar an dunƙule kowa a cikin Bahaushe guda, wanda ke bakin iyaka, kamar mutumin Shinkafi, shi ne ke fara ɓacewa.

Littafin rayuwa

Kashi na uku shi ne wanda muka fi son 'yan'uwa marubuta su tsaya a kansa. Za mu kawo misali 3.

Na farko shi ne Tono Monogatari, wato Labarun Tono, na Yanagita Kunio, wanda ya fito a 1910. Tono wani gari ne a cikin duwatsun Iwate, can arewacin Japan, nesa da babban birni, irin wurin da 'yan birni ke kira ƙauye. Yanagita ma'aikacin gwamnati ne. Ya haɗu da wani saurayi ɗan garin mai suna Sasaki Kizen, ya zauna yana sauraron labarun da ya ji daga bakin tsofaffinsu, ya rubuta guda 119, ya buga kwafi 350 kacal. A ciki akwai dodannin ruwa da aljanun gida da kyarketai, abin da zai ja hankalin yaro. Amma abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne kusan kowane labari yana da adireshi: ƙauye kaza, gidan wane, gefen rafi kaza. Haka kuma bai ɓoye abin kunya ba, don akwai labarin ɗan da ya kashe uwarsa da lauje, da na filin da aka ce a da can akan kai tsofaffin da suka wuce shekara 60. Wannan ɗan littafi shi ake ɗauka a matsayin tushen nazarin al'adun gargajiya a Japan, kuma ta dalilinsa Tono ta zama garin da baƙi ke zuwa don jin tatsuniya daga bakin tsofaffin mata da karin harshen yankin.

Duk da haka littafin yana da aibi biyu da ya kamata mu guje wa. Yanagita ya sauya harshen mutanen Tono zuwa salon rubutu na masu ilmi, sai muryar masu labarin ta dushe. Sannan sunansa ne a bango, ba na Sasaki mai kayan ba. Abin sha'awa shi ne a daidai wannan lokaci, tsakanin 1911 da 1913, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa juzu'i 3, wanda akasarin abin da ke ciki malamai ne suka rubuta da ajami, da yawa daga Lardin Sakkwato, lardin da Zamfara ke cikinsa a wancan zamani. Shi ma sunan Bature ne a bango. Ke nan namu da na Japanawa kusan tare suka fito. Bambancin shi ne su sun ci gaba da sake buga nasu, suna sauƙaƙa shi ga yara, suna mayar da shi zane, namu kuwa ya zama kayan ɗakin karatu na jami'a.

Misali na biyu shi ne Totto-chan na Kuroyanagi Tetsuko, wanda ya fito a 1981, aka fassara shi zuwa Ingilishi a 1982, aka kuma buga fiye da kwafi miliyan 25 a duniya. Marubuciyar labarin ƙuruciyarta ta bayar. An kore ta daga makaranta tun tana aji ɗaya saboda rashin natsuwa, sai uwarta ta kai ta wata ƙaramar makaranta a Tokyo mai suna Tomoe, inda tsofaffin taragun jirgin ƙasa ne azuzuwa. Ranar farko shugaban makarantar, Kobayashi Sosaku, ya zaunar da ita ya ce ta faɗi duk abin da take so, ya saurare ta har wajen awa 4. Babu babi ko ɗaya a littafin da aka sa wa suna tarbiyya ko zumunci, amma kafin mai karatu ya gama ya san abin da yara ke zuwa da shi na kalaci, da yadda ake gaisuwa, da yadda aka gayyato manomi ya zama malami na yini guda, da yadda yarinyar ta taimaki abokinta mai ciwon shan-inna ya hau bishiya. Yaƙi yana shigowa a hankali, ta hanyar ƙarancin abinci da tafiyar maza fagen daga, har zuwa 1945 da bam ya ƙone makarantar.

Zubin littafin gajerun babi ne, kowanne ana iya karanta wa yaro shi a zama ɗaya. Yaro zai yi dariyar ɓarnar Totto, malami zai ga darasin koyarwa, uwa kuma za ta gane zafin ranar da aka kori 'yarta. Wannan shi ne ma'anar littafin kowa da kowa: labari ɗaya mai hawa-hawa, kowa ya ɗebi daidai tsawonsa. Rauninsa shi ne zaƙi ya yi yawa. Shugaban makarantar ba shi da aibi ko ɗaya, iyalin kuma 'yan birni ne masu rufin asiri, uban makaɗin gogen Turawa ne, don haka kada a ɗauka haka kowane yaron Japan ya tashi. Yana da kyau a sani cewa marubuciyar ba baƙuwar yankinmu ba ce, don bayan ta zama jakadiyar UNICEF a 1984, ta ziyarci Jamhuriyar Nijar a 1985, lokacin fari.

Misali na uku shi ne Hadashi no Gen, wato Gen Mara Takalmi, labari cikin zane na Nakazawa Keiji, wanda ya fara fitowa a wata mujallar yara a 1973. Nakazawa yana da shekara 6 aka jefa bam ɗin nukiliya a garinsu Hiroshima a 1945, ya rasa uba da 'yar'uwa da ƙane. Abin da ya ɗaga darajar aikin shi ne bai tsaya ga zargin Amurka ba. Ya nuna yadda maƙwabta suka tsangwami uban tauraron don ya ƙi goyon bayan yaƙi, da yadda aka wulaƙanta 'yan Koriya, da yadda waɗanda suka tsira suka sha ƙyama a hannun 'yan'uwansu. A 2013 an yi ta cece-kuce bayan hukumar ilmi ta birnin Matsue ta taƙaita wa ɗalibai ɗaukarsa a ɗakunan karatu na makarantu saboda munin wasu zane-zanen, daga baya aka janye matakin. Masu wannan damuwa suna da hujja, kuma mu ma za mu fuskance ta.

Ina namu?

Idan muka dawo gida, za mu ga kayan aiki jibge. Tun 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda, nan ne kuma ya ƙare. Gyaɗa da auduga da fatu sun bi ta tashar, ta kuma jawo Yarabawa da Ibo da sauran baƙi suka zauna. Idan Bajapaniya ta yi littafin da duniya ta karanta a kan 'yan taragun da aka mayar azuzuwa, me zai hana a sami labarin yaron da ya tashi a unguwar 'yan reluwe, a garin da dogo ya ƙare? Garin kansa yana ɗauke da sunan Muhammadu Namoda, ɗaya daga cikin jaruman da suka ci Alƙalawa a 1808. Ga kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa har daga Nijar. Ga Dutsi a ƙasar Zurmi, inda labarin baka ya ce nan Zamfarawa suka fara kafa mulki, da dogayen kaburburan da ake dangantawa da sarakunan farko, da labarin Sarauniya 'Yargoje. Ga noman fadama a bakin Gagare da Bunsuru.

To ina aka rubuta su? Tarihin Zamfara na Kurt Krieger, wanda ya fito a 1959, da Jamusanci yake. Binciken Dokta Garba Nadama na 1977 a Jami'ar Ahmadu Bello kundin digiri ne da Ingilishi. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi namijin ƙoƙari wajen taskace tarihin makaɗa da mawaƙa da Hausa, amma manazarta ya fi nufa. Tsakanin kundin jami'a da littafin firamare akwai fili babba, kuma a nan ne littafin kowa da kowa ya kamata ya zauna. Mun taɓa samun irinsa, don Magana Jari Ce na Abubakar Imam da Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya sun shiga hannun yara da manya. Baba ta Karo kuwa, wadda Mary Smith ta rubuta labarinta ya fito a 1954, ta nuna cewa bakin tsohuwa guda ya isa ya ɗauki rayuwar al'umma, sai dai da Ingilishi ya fara fitowa.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne halin da yankin ya shiga. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Zurmi da Shinkafi da Ƙaura, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako da layukan waya na wani lokaci. Idan ƙauye ya watse, dandali ya watse, tsohuwar da ta san tatsuniyar rafin garin kuma ta koma gudun hijira a inda ba a san rafin ba. Yaran da aka haifa cikin wannan hali suna bukatar littafi iri biyu: wanda zai nuna musu yadda garinsu yake kafin tashin hankali, da wanda zai ba su kalmomin faɗin abin da idonsu ya gani. Wani zai ce bai dace a sa wa yara labarin tashin hankali a littafi ba. Amsarmu ita ce yaron Zurmi ba a littafi zai fara jin ƙarar bindiga ba. Abin da ake bukata shi ne marubuci ya san gwargwado, ya nuna rashi ba tare da baje gawa ba, kuma kada ya yi wa wata ƙabila kuɗin goro, domin Bahaushe da Bafillace duk sun yi kuka a wannan fitina.

Wani kuma zai ce Japanawa ba addininmu ɗaya ba, labarunsu cike suke da abubuwan bautarsu. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a kwaso aƙidarsu ba, dabarar aiki muke magana. Aro kuwa ba baƙon abu ba ne a adabinmu, don Abubakar Imam ya ɗebo daga labarun Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa, Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuma daga labarin wani jarumin Rasha ya samo tushe.

Shawara ga 'yan ƙungiya

A 1918 wani marubuci mai suna Suzuki Miekichi ya kafa mujallar yara da ya kira Akai Tori, wato Jan Tsuntsu, ya roƙi manyan marubutan ƙasar su rubuta mata, har irin su Akutagawa suka amsa. A 1958 kuma marubuciya Ishii Momoko ta buɗe ɗan ɗakin karatu a cikin gidanta don yaran unguwa, ta haka ta riƙa ganin abin da yara ke so da abin da suke ajiyewa. Duka biyun ba su jira gwamnati ba, kuma ba su fi ƙarfin reshen ƙungiyar marubuta ba.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Duk mai son rubuta al'ada ya zaɓi mutum ɗaya da unguwa ɗaya da zamani ɗaya, ya bar al'adar ta fito ta cikin abin da mutumin ke yi. Ya bar Zamfarci a bakin taurarinsa, ko da bayaninsa na daidaitacciyar Hausa ne. Wanda ya ɗauko labari daga bakin tsohuwa ko makaɗi ya nemi izininsu, ya kuma sa sunansu inda ido zai gani. Kafin a kai littafi maɗaba'a a karanta wa yara 'yan shekara 10 da kuma dattawa, in ɗaya daga cikinsu ya fara hamma to da sauran gyara. Masu hannu a fassara kuma su dubi Totto-chan, don gajerun babinsa za su zauna daram a Hausa. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, da malaman firamare na ƙananan hukumomin nan 3, kowannensu yana da kaka ko maƙwabci mai labari, kuma wayar da ke aljihunsa ta isa ɗaukar murya.

Yanagita da kwafi 350 ya fara. Wanda duk ya shirya, shafukan wannan mujalla wuri ne da zai iya gwada babinsa na farko, 'yan'uwa su yi masa gyara. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya kuma yi wa alƙalumanmu albarka, amin.